Gayyar Waya a Lungunan Nima

Ranar Laraba kasuwar Nima ke ci. Wanda bai san haka ba, ya shiga trotro daga Circle da hantsi ya nufi wajen, zai sani kafin ya sauka, don motar rarrafe take yi. Buhunan gero da dawa da wake da masara an jibge su har bakin kwalta, masu kaji da zabi sun jera kwandunansu, mata 'yan dako da ake kira kayaye suna ratsa tsakanin motoci da manyan kwanoni a ka. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina sauke kaya a wannan kasuwa: wake da tsamiya da kanwa da barkono, wani lokaci har da citta idan ta yi araha a Kudancin Kaduna. Amma yau labarin wake zai jira. Wata 'yar kunya na sha a Maamobi, ita ta sa na zauna na yi tunani a kan wani abu da ya shigo mana kasuwa ba sallama, wanda kusan kowannenmu yana cikinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari in fara da wurin kansa, saboda waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a Nima ya yi samartakarsa yana fataucin goro. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce Accra ba, Ankara yake cewa, kamar yadda tsofaffinmu suka saba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Ya tattara akwati ɗaya da rediyo ya dawo Kano, aka haife ni bayan shekara biyu. Don haka na san sunan Nima da Maamobi da Sabon Zango tun kafin in san hanyar Kasuwar Kurmi.

Tarihin da ake bayarwa shi ne, a farkon shekarun 1930 wani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya nemi fili wurin iyalin Odoi Kwao, 'yan ƙabilar Ga masu ƙasar, ya kafa zango. Mu muna cewa sunan daga ni'ima ya samo asali, mutanen Ga kuma suna da tasu fassarar. Baƙi suka yi ta sauka: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Wangarawa, Dagombawa, Yarbawa, da tsofaffin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Unguwar ta girma ba mai awon fili, ba mai yanka titi. Kowa ya samu wuri ya ɗora ɗaki, ɗa ya girma a ƙara ɗaki, har ta kai akwai lungun da mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace. Abin da hukuma ba ta yi ba, jama'a suka yi da hannunsu. Mahaifina ya sha ba mu labarin yadda ake haɗuwa a buga bulon masallaci, da yadda ake yashe kwata kafin damina, kowane gida ya ba da mutum ɗaya.

Gayya ke nan. Wanda ya tashi a karkara ya san ƙa'idarta. Mai gona ya yi shela, samari su zo da fartanya, makaɗi ya zo da gangarsa, a nome a yini ɗaya abin da zai ɗauki mutum ɗaya wata guda. Ba a biyan kowa kuɗi, amma ba wanda ke komawa gida da yunwa, akwai fura akwai tuwo. Kowa ya san gonar wa ake nomewa, kowa kuma ya san wata rana za a zo tasa.

To yanzu gayya ta shiga waya. Turawa sun yi wa abin suna a 2006, wani ɗan jarida Jeff Howe ne ya raɗa a mujallar Wired ta Amurka. Ma'anar ita ce ka ɗauki aikin da a da ma'aikaci ɗaya ko kamfani ɗaya ke yi, ka watsa shi ga taron jama'a ta intanet, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Da haka aka rubuta Wikipedia. Da haka 'yan Kenya suka ƙirƙiro Ushahidi a farkon 2008, lokacin rikicin bayan zaɓe, mutane na turo saƙo daga inda ake tashin hankali ana sa alama a taswira. Ni dai gayyar waya nake ce mata, kuma farkon inda na gan ta da idona a Nima, a kan kwata ne.

Akwai wata babbar kwata da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, har wurin tsayawar mota ake kira da sunanta. In ka ce wa yaron mota Gutter, ya san inda zai sauke ka. Ruwanta na gangarawa ya haɗu da rafin Odaw wajen Circle, daga nan sai tafkin Korle sai teku. Ranar 3 ga Yunin 2015 aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, Odaw ya cika ya batse, mutane suka fake a wani gidan mai a Circle, mai ya malala a kan ruwa, wuta ta kama. Sama da mutum 150 suka rasu a dare ɗaya. Ina Kano a lokacin, sai da na kwana biyu ina neman mai masaukina a waya kafin na ji muryarsa.

Da aka zo maganar gyaran magudanan ruwa, sai aka tarar taswirar da ke hannu ba ta nuna lunguna da ƙananan kwatocin unguwanni irin namu. Daga 2018 aka fara wani shiri da tallafin Bankin Duniya mai suna Open Cities Accra, a Alogboshie da Akweteyman da Alajo da Nima. Ginshiƙin aikin shi ne OpenStreetMap, wata taswirar duniya da wani Baturen Ingila, Steve Coast, ya fara a 2004, wadda kowa na iya shiga ya ƙara ko ya gyara. Ɗan mai masaukina, yaron da na sani tun yana rarrafe, ya koyi wannan aiki, shi ya nuna mini yadda ake yi. Ana ɗaukar hoton unguwa daga sama da ƙaramin jirgi mara matuƙi, wasu su zauna a gaban kwamfuta suna zana rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma su shiga lungu da waya a hannu suna rubutawa: nan kwata ce, faɗinta kaza, a buɗe take ko a rufe, shara ta toshe ta ko ruwa na wucewa, nan shago ne, nan famfo, nan makewayi na kuɗi. Abin da injiniya ɗaya zai shekara bai gama ba, yaran unguwa sun san shi tun suna wasan ɓuya.

Ina zaune a ƙofar gida wata la'asar, wani dattijo maƙwabcinmu ya tare yaron yana danne-dannen waya a bakin kwata.

"Kai yaro, wannan zanen naka, na gyara ne ko na rusau?"

"Na gyara ne, Baba."

"To in ka gama, a hannun wa zai zauna?"

"A hannun kowa, Baba. Kowa na iya dubawa."

Tsoho ya gyara zaman hularsa ya ce, "Kowa, har da mai katafila ke nan."

Muka yi dariya, amma shi bai yi ba. Makonni kaɗan bayan ambaliyar 2015 an shiga Old Fadama da katafila an rushe gidajen da ke bakin ruwa, kuma da yawa daga waɗanda abin ya shafa 'yan Arewacin Ghana ne. Mutumin da ba shi da takardar fili mai ƙarfi, ranar da gidansa ya bayyana a taswira ranar murna ce kuma ranar fargaba. Yaron ya ce in ba a san kana nan ba, ba a yi maka kasafi. Tsoho ya ce in ba a san kana nan ba, ba a zo maka da awo. Na saurare su duka biyun, har yau ban yanke wa ɗayansu hukunci ba.

Ta fuskar ciniki dai amfanin taswira a fili yake. A da in za ka kwatanta wa baƙo shagonka a Nima, sai ka ce ya wuce masallaci kaza, ya bi bayan mai waakye, in ya ga inda ake sayar da gawayi ya tambaya. A 2017 gwamnati ta kawo adireshin zamani na GhanaPostGPS, amma har gobe abin da za ka fi ji shi ne, "Ka tsaya a Gutter ka kira ni." Abin da ya canza lamarin shi ne mutane da kansu suka riƙa sa shagunansu a taswirar waya. Akwai wata Hajiya da ke sayen barkono da kanwa a hannuna, shagonta na can cikin lungu inda ko baro ba ya shiga. 'Yarta ta sa mata alama a taswirar Google, ta ɗora hoton kayan yaji, masu saye suka riƙa rubuta yabo. Yanzu matan East Legon da ba za su taɓa shigo da motarsu Nima ba suna aiko mai babur ya karɓo musu yajin daddawa. Sai dai a lura, taswirar biyu ba ɗaya ba ce. Ta OpenStreetMap ta jama'a ce, kowa na iya ɗiba kyauta, har da manyan kamfanoni. Ta Google kuwa gonar kamfani ce, duk hoton da ka ɗora da duk yabon da ka rubuta ka ƙara mata taki ne. Hajiya ba ta damu ba, tunda tana cin tuwonta a gonar. Ni ma ban ga laifinta ba.

Inda gayyar waya ta fi taɓa aljihunmu mu fatake shi ne farashi. Lokacin da na fara wannan hanya, daga Kano zuwa Legas, a ƙetare Seme, a ratsa Kwatano da Lome a shigo ta Aflao, ban san nawa wake yake a Nima ba sai na iso. Mai masauki ne ya sani. Shi zai sauke ka, ya adana kayanka, ya nemo mai saye, ya tsaya maka in an ɗauka bashi, ya cire la'adarsa. Rabin jarinsa amana ce, rabi kuma sanin abin da kai ba ka sani ba. Yau ina cikin zaurukan WhatsApp har huɗu. Kafin in karya kumallo na ji muryar wani daga Dawanau yana faɗin yadda buhu ya kwana, wani daga Techiman, wani daga Bawku, direba kuma na cewa shinge kaza an ƙara kuɗi, hanya kaza ta lalace. Ba wanda ke biyan kowa. Kowa ya jefa abin da ya gani, ya kwashi abin da ɗari suka gani.

'Yan'uwanmu masu albasa sun fi kowa sanin darajar wannan. Tun da aka tashe su daga Agbogbloshie aka mayar da su Adjen Kotoku a 2021 suka yi nisa da tsakiyar gari. Sai ga juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, aka rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa, farashi ya yi tashin gwauron zabi a Accra. A kwanakin nan saƙon murya ɗaya daga direban da ke bakin iyaka ya fi labaran rediyo amfani ga mai kaya.

Amma a gayya akwai mai zuwa da fartanya akwai mai zuwa da baki. Wata shekara wani ya saki murya a zaure cewa wake ya yanke a Nima, buhu ya tashi. Muka yi rububi mu wajen shida muka loda. Kafin mu iso shi ya sayar da tsohon kayansa da ke jibge, mu muka tarar da kasuwa a cike, na sayar da faɗuwa. Da na kai ƙara wurin mai masaukina sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai da ka kira ni. Ni in na yi maka ƙarya ka san ƙofar gidana." Gaskiyarsa. La'adarsa ta ragu a 'yan shekarun nan, shi ma ya faɗa, amma har yanzu in za a ba da kaya bashi ba zaure ake tambaya ba, shi ake tambaya.

Maganar tara kuɗi ba zan ja ta ba, don kowa ya san ta. Adashi namu ne tun kaka da kakanni, a Ghana kuma ga mai susu da ke zagaya kasuwa kullum da katinsa, ka zuba abin da ka iya, ƙarshen wata ya mayar maka ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. Da MTN ta kawo tura kuɗi ta waya a 2009, gudunmawa ta samu ƙafa. Shago ya ƙone, ko an kwantar da wani a asibiti, a sa hoto da lamba a zaure, kafin magariba 'yan Nima da ke Jamus da Italiya da Amurka sun turo nasu. Ko harajin da aka ɗora wa tura kuɗi a 2022, kashi 1.5 cikin 100, wanda aka rage daga baya aka kuma soke a 2025, bai hana ba. Ɓarayi ma sun gano hanyar, hoton mara lafiya ɗaya sai ya yi shekara uku yana yawo da lambobi daban-daban. Ƙa'idata yanzu, sai na ji muryar wanda na sani kuma ya san mai matsalar.

Yanzu ga kunyar da na ce na sha.

Wanda ya bi titin Kanda ko ya shiga cikin Nima da ido buɗe zai ga bangaye na magana. Unguwar ta fitar da masu zane na gaske. Tun 2011 akwai ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art, matasa da suka haɗu suna ƙawata bangon unguwa suna koya wa yara zane, kuma a cikin 'yan Nima akwai Moh Awudu wanda sunansa ya wuce Ghana. Har hoton Mohammed Kudus, ɗan unguwar da ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2022, an zana a bango. Kafin waɗannan duka akwai tsofaffin masu rubutun allo, masu zana sunan shago da hoton aski da bayan mota. Ɗaya daga cikinsu yana da 'yar rumfa a Maamobi, ba nisa da asibiti. Shi ya rubuta mini allon rumbuna na farko, shi ya yanka mini tambarin da ake buga wa buhunana. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, Malam nake ce masa.

Shekaru biyu da suka wuce na yi shawarar in daina sayar da barkono a buhu kaɗai, in riƙa niƙa yaji ina ƙullawa a 'yan ledoji masu suna, kamar yadda na ga Hajiyar nan na yi. Ana buƙatar tambari mai kyau. Na ce zan je wurin Malam, sai ɗan mai masaukina ya ce, "Kawu, wannan ai tsohon yayi ne. Mu sa gasa. Ka faɗi abin da kake so, ka sa kyauta, ka ga yadda zane zai yi ta zuwa." Ya ce haka ake yi a duniya, akwai wani kamfanin Ostareliya, 99designs, da tun 2008 wannan ce sana'arsa: mai buƙata ya sa kuɗi, masu zane daga ko'ina su turo, a zaɓi ɗaya a biya shi. Ɗan kasuwa ya ji araha, me kuke tsammani? Na sa sidi 300. Ya rubuta sanarwa ya watsa a zaurukan matasa da Facebook.

Cikin kwana huɗu zane ashirin da uku suka shigo. Wallahi na ji daɗi, na zauna ina shan shayi ina latsawa kamar sarki ana kawo masa gaisuwa. Na zaɓi na wata yarinya 'yar Maamobi, ta zana turmi da taɓarya, rubutun ya fito tsaf. Sai dai launinta bai yi mini ba. Akwai wani zanen daban mai ja da ruwan ɗorawa, da wani ɗan ado a gefe irin na bakin zanen gado, ya burge ni. Na ce wa yaron ya tura mata shi, ta sa wa nata wannan launi da wannan ado. Ta sa. Na biya ta, aka buga leda dubu biyar, ban ƙara tunanin sauran ashirin da biyun ba.

Bayan wata biyu na bi ta rumfar Malam don in gaishe shi. Ya amsa gaisuwa, ya ba ni benci, ya shiga ciki ya fito da ledar yajina ɗaya ya ajiye a gabana.

"Alhaji, wannan naka ne?"

"Nawa ne, Malam. Ya ka gan shi?"

"Ya yi kyau. Wannan adon na gefe, ka san inda ya fito?"

Na yi shiru. Ya nuna mini wani tsohon allo da ke jingine a bango, fentinsa duk ya koɗe. Ga adon nan sak. Shi ya ƙirƙire shi tun yana saurayi, yana sa wa allunan masu shayi. Jikansa da ke koyon aiki a wurinsa, wanda ya iya zane a kwamfuta, shi ne ya shiga gasata da shi. Kwana biyu yaron ya yi a kai, ya sayi data da kuɗinsa.

"An ce masa bai ci ba, ya haƙura," in ji Malam. "Sai ga aikinsa a kasuwa. Ka tara yara ashirin da uku sun yi maka noma, ka ciyar da ɗaya. Ko wannan ban ce komai ba, sun san sharaɗin suka shiga. Amma wanda ka ɗebi amfanin gonarsa fa?"

Ban da abin cewa. Na kawo hujjar cewa haka ake yi a ko'ina, tun kafin in rufe baki na ji ba ta da daɗin ji. Da a ce wani ya kira fatake ashirin da uku ya ce kowa ya kawo buhun wake Nima da kuɗin motarsa, zai zaɓi ɗaya ya saya, sauran su koma da nasu, kuma kafin su koma ya ɗebi kwano ɗaya a buhun wanda ya ƙi, da sunan me za mu kira shi a kasuwa? Ni da na yi shekaru ina faɗa da masu tauye mudu. Na biya yaron sidi 300 kamar yadda na biya yarinyar, na ba shi haƙuri a gaban kakansa. Ya karɓa da hannu biyu yana sunkuyar da kai, abin ya ƙara mini nauyi.

Duk da haka ba zan ce gasar sharri ce zalla ba, don na san abin da ta yi wa yarinyar. Ba ta da rumfa, ba ta da kakan da ya yi suna, iyayenta ba za su bar ta ta zauna bakin titi cikin maza tana jiran aiki ba. A waya ta koyi zane, a ɗakin mahaifiyarta take yi. Da ta hanyar da na saba na bi, har abada ba zan san tana duniya ba. Bayan ledata ta fita, masu sayar da shito da sabulu sun neme ta, yanzu ita ke faɗin kuɗinta. Ƙofar da ta buɗe mata ita ce ta rage wa Malam masu zuwa. Ya gaya mini da bakinsa cewa aikin allo ya ja baya, kowa ya koma bugun inji a kan leda, kuma masu zanen sun yi yawa har wani zai yi maka tambari a kan kuɗin koko da ƙosai.

Da daddare na ba da labarin a majalisar matasan da ke ƙofar gidanmu, inda suke dafa ataya har tsakar dare. Sai na tarar su ma suna cikin irin wannan lissafi. Wasu na rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa kyauta, don sunan unguwarsu da malamansu ya shiga. Wasu na karanta jimloli a Common Voice na Mozilla, inda ake tara muryoyi a bar wa kowa ya yi amfani da su wajen koya wa na'ura jin magana. Wasu kuma ana biyansu 'yan kuɗi kaɗan su naɗi murya ko su fassara jimla, ba su san wa zai saya ba, ba su san abin da za a gina da ita ba. Ɗaya ya tuna mana cewa tun 2019 Google ta buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a nan Accra, don haka masu son harshenmu ba su yi nisa ba. Wani ya yi ƙorafin da ya ba ni dariya, wai in ya yi magana da Hausarsa ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji, sai masu dubawa 'yan Najeriya su ce kuskure ne. "Kawu, in na ce uwana ya zo, a gidanmu daidai ne. Su je su tambayi uwana." Na ce masa ya ci gaba da naɗa, in ba haka ba na'urar za ta tashi tana jin Kananci kaɗai. Amma na ƙara da abin da na koya a rumfar Malam, ya riƙa tambaya tun kafin ya fara: gonar wa ce, kuma akwai tuwo ko babu.

Zuwana na ƙarshe na kama ƙaramin shago kusa da kasuwa don yajin, ana buƙatar allo. Yaron ya ce a buga a inji, kwana ɗaya an gama. Na ce a'a, na taka zuwa Maamobi. Na tarar da Malam yana wanke burushi a gwangwanin kananzir, jikan na gefe da kwamfutarsa a cinya. Na faɗi abin da nake so, turmi da taɓarya na yarinyar a tsakiya, na ce na riga na nemi izininta, adonsa kuma a gefe. Ya auna faɗin da tsawon a iska da hannunsa, ya faɗi kuɗi. Na ce ya yi yawa. Ya ce fenti ya yi tsada. Muka ja muka ja, ya rage sidi 50.

"To yaushe zan zo in karɓa, Malam?"

Ya miƙo tafin hannunsa, duk fenti. "Rabi yanzu, Alhaji. Sannan in ɗauki burushi."